Shafin Lafiya a Hannun Mai Jinya: Abin da Ke Sa a Gane Shi, a Kuma Yarda da Shi

Kawuna ya shekara talatin da ɗoriya yana sayar da goro a Agege. Bara ƙafafunsa suka fara kumbura, har takalmin da yake zuwa masallaci da shi ya daina shigarsa. Da ƙyar aka lallaɓa shi ya je asibiti, aka ɗebi jini, aka ba shi takarda, aka ce ya dawo bayan mako biyu ya ga likitan ƙoda. Bayan sallar isha'i ya aika a kira ni. Babu wuta, janaretocin maƙwabta sai ruri suke yi, shi kuwa yana zaune a tabarma da takardar a ninke cikin aljihun gaba.

"Ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mana abin da suka rubuta."

Na haska da fitilar waya. An zagaye kalma ɗaya da jan biro, kiriyatinin, da wata lamba a gefenta. Na shiga intanet. Shafin farko na Turanci ne, na wata ƙasa, kafin in ga layi ɗaya sai da akwatuna biyu suka rufe fuskar wayar, ɗaya na neman izini, ɗaya na neman imel. Na biyu ya kunna bidiyo da kansa, ina ji ina gani datata na zurarewa. Na ce bari in nema da Hausa. Abin da ya fito hoton kwalba ne da lambar waya, da alkawarin wanke ƙoda tas cikin kwana bakwai, ba wankin inji, ba tiyata. Na karanta masa don mu yi dariya. Kawu bai yi dariya ba. Ya gyara zama ya ce, "To ai wannan ya san abin da yake yi. Ɗaukar min lambar."

Mai kwalbar nan ya riga likitoci isa wurin Kawu, kuma ba da asiri ya riga su ba. Ya yi magana da harshen da Kawu ke mafarki da shi, ya taƙaita, ya faɗi abin da za a yi gobe da safe, ya bar lambar da za a kira. Gaskiya kawai ce babu a zancensa. Shafukan likitoci kuwa suna da gaskiyar, sai dai sun kulle ta a ɗakin da Kawu ba shi da mabuɗinsa. Duk wanda zai gina shafin bayanin lafiya don mutanenmu, na asibiti ne, na gwamnati ko na wata ƙungiya, da wannan mutumin yake takara, da mai lasifika a bakin kasuwar Mile 12, da saƙon murya mai yawo a WhatsApp. Aikinsa kuma ya fi nasu wuya, tunda dole ya kai su sauƙi ba tare da ya yi ƙarya ba.

A fara da wanda ke riƙe da wayar. Masu zanen shafi sukan ɗauka majiyyacin ne da kansa, zaune a kujera hankali kwance. A gidajenmu na Legas, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, sau da yawa mai jinya ne. Ɗa yana karanta wa uba, ƙanwa tana karanta wa yayarta mai juna biyu, mai gadi yana karanta wa ɗan garinsu da ya zo cirani bai yi boko ba. A tsorace yake karantawa, wani lokaci a cikin danfo a cunkoson Oshodi, da waya 'yar hannu daga kasuwar Computer Village, gilashinta a tsage. Kuma da baki zai maimaita wa mara lafiya abin da ya gani, don haka jimlar da ba ta faɗuwa a numfashi ɗaya a hanya za ta zube. Tsoro na rage fahimta, ko ga mai digiri. Abin da ido zai fara sauka a kai ya zama amsar tambayoyin da ke cin zuciyar mutum: mene ne wannan, yaushe yake zama hatsari, ina zan nufa. Tarihin kafuwar asibiti da hoton shugaba yana yanka kyalle su koma can baya, ba mai ciwon ciki da ya taɓa neman su.

Sai batun nauyi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Mai sayen data ta 'yan ɗaruruwa yana lissafin kowane shafi kamar yadda uwargida ke lissafin gwangwanin shinkafa. Shafin da ya cika da manyan hotunan likitoci Turawa suna murmushi ya kori talaka tun a ƙofa, ko da zinariya ce a ciki. Rubutu zalla ba ya cin komai. Hoto a sa shi inda yake koyar da wani abu, misali yadda ƙurajen ƙyanda suke a jikin baƙar fata, abin da littattafan waje ba su cika nunawa ba. Bidiyo a bar mutum ya danna da kansa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sanarwar lafiya da ake ɗorawa a matsayin hoton fosta: ba ta nemuwa, sai an yi ta buɗa ta da yatsu biyu kafin a karanta, manhajar makafi kuma ba ta ganin rubutun da ke cikin hoto.

Harshe kuwa, nan gizo ke saƙa. Da yawa suna zaton da an zuba Turancin cikin injin fassara an gama. Google ta sa Hausa a manhajarta ta fassara tun ƙarshen 2013, kuma an samu ci gaba, amma matsalar ta wuce nahawu. Sunayen cututtuka a Hausa ba su rarraba ciwo yadda likitancin asibiti ya rarraba shi ba. Ɗauki shawara. Idon jariri ya yi ruwan ɗorawa, a ce shawara. Babba ya kamu da ciwon hanta, shawara. Zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa, wanda ake neman katin rigakafinsa a filin jirgi, shi ma shawara. Abu uku ne daban, hatsarinsu daban, abin yinsu daban. Shafin da ya rubuta "maganin shawara" ya zarce da bayani guda ɗaya ya ɓatar da biyu cikin ukun. Kamata ya yi ya tare mutum a zaure ya tambaye shi: jariri ne ko babba? In jariri ne, kwanansa nawa, yana kama nono? Shawarar jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma shanya yaro a hantsi ba ya maye gurbin fitilar da ake sa shi ƙarƙashinta a asibiti.

Haka basir. Bahaushe na jingina masa ciwon baya, kasala, kumburin ciki, raunin mazakuta, har da jini a bayan gida. Likita kuwa kumburin jijiyoyin dubura kawai yake nufi da shi. Abin tsoron shi ne mutumin da ya shekara yana ganin jini yana shan jiƙo da sunan basir, alhali kansar hanji ce ke cin sa. Haka sanyi a bakin mata, kalma ɗaya da ta haɗiye ƙaiƙayi, ciwon mara, ciwon mafitsara da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i. A ganina kuskure ne shafi ya guji waɗannan kalmomi wai don ba na ilimi ba ne. Su mutane za su rubuta a akwatin nema. A karɓe su da kalmarsu, a rarrabe musu a hankali, sannan a ajiye musu sunan cutar kamar yadda likita ke rubuta shi a kati. A Legas likitan da za a tarar galibi Turanci ko Yarbanci zai yi, mara lafiya na bukatar kalmar da zai nuna masa da yatsa.

Akwai kuma ƙaramin abu mai babban aiki, haruffa masu lanƙwasa. Ƙoda daban, koda daban. Ɓari daban, bari daban. Mace mai ciki da ta ga jini cikin dare ba ta da lokacin lalubo inda ɓ ta ɓuya a allon wayarta, "barin ciki" za ta rubuta. Akwatin neman da bai gane abin da take nufi ba zai ce mata babu sakamako. Rubutun shafi ya zo da lanƙwasarsa daidai, cikin salon haruffan da ke da su, don kada su riƙa fitowa kamar ƙananan akwatuna. Amma nema ya yafe wa kowa.

Kuma ba kowa ke karanta boko ba. Kawu ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami, amma layin boko sai ya bi shi harafi-harafi. Mu mutanen kunne ne. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana da kakanninmu. Kowane shafi mai muhimmanci ya samu muryar mutum, ta minti biyu ko uku, marar nauyi, wadda za a iya saukewa a tura wa 'yan uwa. Tunda muryar za ta yi yawo ba tare da shafin ba, mai magana ya buɗe da faɗin ko shi wane ne, daga ina, da watan da aka naɗa.

Sauƙin harshe ba ya nufin sakaci da awo. Ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa mai gudawa a gida, in babu na leda daga kyamis, ƙa'idarsa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ban da tozo. In aka rubuta "cokali" kawai, uwa za ta ɗauko na cin shinkafa, gishiri ya yi yawa, magani ya koma cuta. Lita kuma, wa ke da ma'auninta a ɗakin haya? Amma kowa a Legas ya san ledar fiya-wata, wadda yawancinta rabin lita ce. A ce leda biyu, a sa hoton cokalin a tafin hannu.

Lissafi ma haka. Daura da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba akwai cibiyar masu sikila ta ƙasa, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan cuta. Shafuka kan rubuta cewa in mai AS ya auri mai AS, kashi 25 cikin ɗari na 'ya'yansu za su zo da SS. Na taɓa jin wani saurayi a majalisa ya fassara wannan da cewa in sun tsaya a 'ya'ya uku sun tsira, na huɗun ne mai ciwo. Abin da lissafin ke nufi shi ne kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ɗaya cikin huɗu, kuma cikin da ya wuce ba ya rage wa na gaba komai. Ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Jimla biyu ce, amma a kanta aure zai ɗauru ko ya fasu.

Masu lalura ta musamman kuwa a shafin lafiya 'yan gida ne, bai kamata sai an gama gini a tuna da su ba. Ciwon suga na cin ido. Hawan jini na kawo shanyewar ɓarin jiki, hannu ya kasa riƙe waya daidai. Tsufa na zuwa da yanar ido da rawar hannu. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo tana da kundi kan haka mai suna WCAG, wanda zubinsa na 2.2 ya fito a Oktoban 2023. A cikinsa an ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, wato ban da rubutu ruwan toka a kan fari da 'yan zane ke ƙauna, wanda a ranar Legas ko mai lafiyar ido ba ya gani. A iya ninka girman rubutu biyu ba tare da shafin ya tarwatse ba. Wurin dannawa ya ishi babban yatsa. Hoto mai ma'ana ya samu bayanin da manhajar karatu irin TalkBack za ta faɗa wa makaho, bidiyo ya samu rubutu a ƙasa don kurame. Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo, ja hatsari kore lafiya, don akwai waɗanda ba sa rarrabe su. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta sa an fara ganin hanyar keken guragu a ƙofar wasu gine-gine. Shafin intanet ma yana da matakala, ba a dai ganinta ne.

Duk wannan maganar isa ce. Yarda wani dutse ne daban, ya kuma fi tsayi.

Wanda bai san tarihi ba zai ce taurin kai ne ke sa Bahaushe ya riƙa tambayar me ke bayan magani. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya haɗa yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa an gurɓata rigakafin shan inna, a kan wannan tabon ta sauka. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004. Zargin bai tabbata ba, cutar kuma ta samu damar bazuwa har ƙasashen waje, sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita a irinta ta asali. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, kuma Hausawan Legas da wannan tarihin suka sauka a tasha. Tambarin hukuma a saman shafi, da "masana sun ce", ba sa isar su.

Legas ma ta ba da nata darasin. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed ɗauke da Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kamu, ta rasu a watan Agusta. A farkon wannan watan ne saƙo ya game ƙasa cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai rigakafin Ebola ne. Na tuna wayar mahaifiyata daga Arewa kafin asuba, "Ka yi wankan kuwa?" Aƙalla mutum biyu suka mutu saboda shan ruwan gishirin, a annobar da ita kanta mutum 8 ta kashe cikin 20 da suka kamu a Najeriya. In mai gaskiya ya tsaya jiran a sa hannu a takarda, mai ƙarya ya riga ya zagaye gari. Shafin lafiya na bukatar wani lungu da ke amsa jita-jitar da ake yi yau, da kalmomin da ake yin ta, ba tare da zagin wanda ya yarda da ita ba.

To me ke gina yarda? Mutanen da suka tashi da karatun hadisi ba sa bukatar a koya musu isnadi. Sun san ana tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. A ba su. Sunan wanda ya rubuta, sunan likita ko ma'aikaciyar jinyar da ta duba, fanninta, inda take aiki. A Najeriya majalisar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista, mutum mai suna da rajista yana da abin da zai rasa in ya yi ƙarya, saɓanin "Dakta" na Facebook da ba a san daga ina ya faɗo ba. Bayan suna sai kwanan wata. Shafukan hukumar lafiya ta NHS a Birtaniya suna rubuta ranar da aka duba su da ranar da za a sake dubawa, kuma wannan ɗabi'a ce da ta cancanci aro. Magani na tsufa. Kulorokwin da iyayenmu suka rene mu da shi, tun 2005 Najeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma haɗin da ake kira ACT. Shafin da ba shi da kwanan wata yana iya ba ka shawarar shekara ashirin baya da fuskar ta jiya. A Maris ɗin 2020 ma, da Donald Trump ya yabi kulorokwin a kan korona, sai da aka kwantar da mutane a asibitocin Legas saboda sun sha fiye da kima.

Sai kuɗi. Wa ya biya aka gina shafin, me yake sayarwa? MedlinePlus, na ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka, ba ya ɗaukar talla ko ɗaya. Ba kowa zai iya haka ba, na sani, ba da iska ake biyan ma'aikata ba. Amma talla ta tsaya a gefe da alamar da ke nuna talla ce, kuma shafin da ke bayanin ciwon suga kada ya bari kwalbar "mai warkar da suga" ta leƙo a tsakiyar bayanin, don mai karatu zai ɗauka likitan ne ya nuna masa ita. Nan ne ma wurin koya wa mutane abin da masu kwalba ba sa so a sani: lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L da ake gani a jikin maganin gargajiya tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa.

Wani abin da ke jawo yarda, ko da yake masu talla za su ce kasawa ce, shi ne shafi ya faɗi iyakarsa. Ya ce wannan ba ya ganuwa sai da gwaji. Ya ce wannan ciwon ba a warkewa, sarrafa shi ake yi har ƙarshen rai, kamar hawan jini, wanda mutane kan daina shan maganinsa da zarar kai ya daina ciwo. Ya kuma san da wa yake magana. Uwar da ɗanta ke farfaɗiya ta riga ta ji cewa iskoki ne. In shafi ya buɗe da yi mata dariya, ta rufe shi. Ya bar ta da addu'arta, ya gaya mata abin da zai ceci yaron: kada a tura masa cokali a baki, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti biyar a nufi asibiti, kuma akwai maganin da ke hana ta tashi.

Sirri kuwa a wurinmu tare yake da kunya. Waya ɗaya kan bi hannu uku a gida. Matar da ta nemi bayani kan rashin haihuwa ko cuta mai karya garkuwar jiki ba ta son gobe tallar abin ta biyo ta, maigida ko kishiya na kallo. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman. Amma tun kafin a je ga doka, babu dalilin da zai sa a nemi suna da lambar waya kafin mutum ya karanta alamomin tarin fuka.

Inda shafuka da yawa ke sakin hannun mutum shi ne a ƙarshe, in sun ce "tuntuɓi likitanka". Wane likitan? Kawu bai taɓa mallakar likita ba. Shafin Amurka zai ce a kira 911, alhali a Legas lambobin gaggawa 112 ne da 767. Mai karatu na bukatar a ce masa in baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, a tafi yanzu, ba a jira gari ya waye ba. In kuma abin bai kai nan ba, a gaya masa wanne ne na ƙaramin asibitin unguwa, wanne ne na babban asibiti, ko sai da takardar turawa, wace rana likitan fannin ke zama, ko inshorar jihar ta Ilera Eko na ɗaukar nauyi. Mutumin da zai taso daga Alaba Rago zuwa Idi-Araba ya yi asarar cinikin yini guda. A ce masa "ba yau ba ne" a taga zalunci ne da layi ɗaya a shafi zai iya hanawa. Hanyar gane ko an yi daidai ba ta da tsada: a miƙa wa dattijo ɗaya da uwa ɗaya wayar, a ce su nemo abu kaza, mai zanen ya kama bakinsa ya kalli inda yatsansu ke tsayawa.

A daren nan dai sai da na haɗa bayanin da kaina daga shafukan Turanci uku. Na ce, "Kawu, wannan kiriyatinin wani datti ne da naman jiki ke fitarwa, ƙoda ke tace shi. In ya yi yawa a jini, alama ce tatar ta ragu. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, shi ya sa suka ce ka dawo." Na juya bayan takardar na rubuta tambayoyi huɗu da za mu yi wa likita, na kuma ce ya tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da wanda ba na asibiti ba.

Ranar da muka koma, likitar ta zazzage ledar a tebur. Ta ware wasu ƙwayoyi da yatsa, irin haɗin nan da ake ƙulla wa mutum don ciwon jiki, wanda Kawu ke sha kusan kullum da dare saboda bayansa, bayan ya yini sunkuye kan huhun goro. Akwai dikulofenak a ciki. Ta ce irin waɗannan magungunan na kashe ciwo suna lahanta ƙoda in aka daɗe ana sha, balle ga mai hawan jini, daga yau ya daina. Na fassara masa. Bai ce komai ba sai da muka shiga mota.

"Shekara nawa ina shan abin nan, ɗan nan. Ba wanda ya taɓa gaya min."

Ya daina sha, yana kuma zuwa ganin likita. Lambar mai kwalba kuwa tana nan a wayarsa. Na ce in goge, ya ce in bar ta, ba a san gobe ba.